Talata, Mabera: hoton ƙodar Nana

Da hantsi muka koma wurin likitar yara, ni da Nana da babanta. Zazzaɓin ciwon fitsarin da ya kwantar da ita a damina ya wuce, alhamdulillahi, amma likita ta ce tana son ta tabbatar bai bar tabo a ƙoda ba. Sikanin da aka yi mata a nan Sakkwato siffar ƙoda da girmanta ya nuna. Wanda ake so yanzu, DMSA, aikin ƙodar yake nunawa: inda ke aiki, inda ya daina, da kason da kowace ɗaya ke ɗauka. Akan jira wata 4 zuwa 6 bayan ciwon kafin a yi, don kada a ɗauki kumburi a matsayin tabo. Ta rubuta mana takardar zuwa Abuja.

Allah Ya saka wa matar nan da alheri, ta zauna ta yi mana bayani ba gaggawa. Za a saka wa Nana allura a jijiya mai ɗauke da sinadarin teknetiyam kaɗan, mai fitar da wani haske da ido ba ya gani (radiyeshin), daidai nauyinta. Sai a jira kamar awa 2 zuwa 4 ya taru a ƙoda, sannan ta kwanta a ƙarƙashin kyamara. Kyamarar ba ta harba komai, hasken da ke fitowa daga jikin yarinyar take karantawa. Duk awa 6 ƙarfin sinadarin yana raguwa da rabi, shi ya sa ba a ajiye shi a kanta kamar sauran magunguna. Daga wani sinadarin ake tace shi a ranar aikin, shi ma wancan rabinsa na tafiya cikin awa 66, kuma daga waje ake kawo shi, Afirka ta Kudu na cikin masu samar da shi. Don haka ta ja mana kunne: kada mu kama hanyar Gusau zuwa Abuja sai ma'aikatan asibitin can sun tabbatar mana da rana ta waya.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ba da ni za a je ba. Ina da ciki, kuma masu ciki ana hana su raka yaro wannan hoton, har ɗaukarta a jiki sai na rage na yini guda. Babanta da Anti Rabi za su tafi.

Tun la'asar nake tunanin mutanen da za su karɓe ta: mai haɗa maganin, nas ɗin da za ta nemi jijiya a ɗan hannun nan, mai sarrafa kyamara da zai lallashi 'yar shekara 4 ta kwanta ba motsi kusan rabin awa. In ta motsa hoton ya lalace. A ganina na'ura komai tsadarta ba ta kai mutum mai haƙuri da yara ba, kuma irin waɗannan ma'aikata nake fatan a horar mana daga 'ya'yan Sakkwato, Kebbi da Zamfara.

Inna ta firgita da ta ji, ta ce, "Yanzu guba za ku bari a ɗura wa jikata?" Babanta ya durƙusa ya ce, "Inna, ki kwantar da hankalinki, ɗan kaɗan ne, kuma da kansa yake gushewa." Ta yi shiru, daga baya ta ce a dai riƙa ba ta ruwa da yawa a hanya. Likita ma haka ta ce. Gobe babanta zai kira Abuja, ni kuma zan fara koya wa Nana kwanciya shiru a tabarma muna ƙirge.