Mako na shida: na cire ɗan sanda daga labarina

'Yan uwa masu koyon rubutu, ga inda aka kwana.

Makon jiya na kammala babi uku na labarin da nake kira "nuwar". Na cika shi da dare, da ruwan sama, da hayaƙin sigari, ga jami'in bincike mai doguwar kwat. Na ba wata 'yar ajinmu ta karanta, sai ta ce: "Malam, ai wannan labarin ɗan sanda ne kawai, fitila ka kashe masa." Maganar ta yi mini ciwo, amma gaskiya ta faɗa.

Sai na koma tushe. Kalmar "nuwar" ta Faransanci ce, ma'anarta baƙin launi. Lokacin da Jamus ta mamaye Faransa a Yaƙin Duniya na Biyu, finafinan Amurka ba sa shiga ƙasar. Da suka iso Faris a 1946, masu sharhi suka ga sun yi duhu fiye da na da, ɗaya daga cikinsu, Nino Frank, ya laƙaba wa finafinan wannan suna.

Na zauna da biro na kalli fim ɗin Double Indemnity na 1944 har sau biyu. Abin da ya buɗe mini ido yana cikin mintunan farko. Dillalin inshora ya shigo ofis da tsakar dare, harsashi a kafaɗa, ya zauna gaban na'urar ɗaukar murya, ya faɗa da bakinsa cewa shi ya yi kisan. Ka ga tun daga nan babu sauran tambayar wa ya aikata. Zaman kallon duka na ganin yadda mutum mai aikinsa da albashinsa ya haƙa wa kansa rami ne, yana sane, bai fasa ba.

Nan na gane kuskurena. Jami'ina yana shiga ƙazanta ya fito da farar riga. A nuwar kuwa, wanda muke bi shi ne mai nutsewa, kuma kowace dabarar da ya yi don ya tsira ƙara danna shi take.

Don haka na yage babi biyu. Yanzu mai ba da labarin akawu ne da ya taɓa kuɗin ajiya da niyyar mayarwa kafin ƙarshen wata. Da rana tsaka nake rubuta shi, cikin zafi, ba ko ɗigon ruwan sama.

Matsalar da ta rage ita ce matar da ke cikin labarin. Ba na so ta zama shaiɗaniyar da za a jibga wa laifin duka. Ina so son zuciyarsa ya riga ta zuwa. Wanda ya taɓa warware irin wannan ƙulli, don Allah ya nuna mini yadda ya yi.