Kada ku sayi wardi don furen da kuka gani a kansa

Shekarata goma sha ɗaya ina renon wardi a tsakar gidanmu a Zariya, kuma sai da guda bakwai suka mutu a hannuna kafin ɗaya ya kama ƙasa. Kowane na ji zafinsa. Yanzu da nake ganin ƙannenmu da 'ya'yanmu sun fara kawata gidajensu da furanni, sai na ga bai kamata in yi shiru ba, ko Allah zai sa wani ya tsallake ramin da na faɗa.

Wardin da nake magana a kai shi ne fuloribanda, wato mai yawan fure. Wanda aka saba gani a hotunan biki fure ɗaya babba yake yi a kan dogon kara. Shi kuwa wannan, reshe guda sai ya ɗauko dami, biyar ko goma, wasu sun buɗe wasu na jiran lokacinsu, kuma bishiyar ba ta cika wuce ƙugun mutum ba. Asalinsa daga Turai ne. Iyalin Poulsen na ƙasar Denmak su suka yi fice wajen haɗa mai babban fure da wani ƙaramin iri mai yawan fure, har suka fitar da wani iri mai suna Else Poulsen a 1924. Farin nan da ake kira Iceberg, wanda gidan Kordes na Jamus ya fitar a 1958, shi ne ya fara rayuwa a gidana, kuma shi nake cewa sabon shiga ya fara da shi: ƙayarsa kaɗan ce, ga haƙuri, ko da yake ƙamshinsa ba mai ƙarfi ba ne.

Na farkon da na saya, a bakin titi na gan su a Jos cikin watan Maris, mun je biki. Ja wur, sun cika leda da fure har ganyen ba ya ganuwa. Na zaɓi uku da suka fi kowanne ɗaukar ido. Mai sayarwar, wani dattijo, ya dube ni ya ce, "Hajiya, ina za a kai su?" Na ce Zariya. Ya ce, "Da kin bari sai ruwa ya sauka." Ban saurare shi ba, mota na jira.

Jos tana kan tsauni, tudunta ya kai kimanin mita 1,200, iskarta da sanyi. Na ɗauko shukar da ta tashi a can na kawo ta Zariya ana tsakiyar bazara, lokacin da zafi ke kusantar digiri 40. Ban tsaya nan ba, na dasa su a gindin katangar da ke kallon yamma, inda rana ke dukan siminti tun daga azahar har la'asar sakaliya, na kuma zuba musu ɗanyen kashin kaji a ramin, a tunanina gata nake yi musu. Kwana huɗu furannin suka yi laushi kamar an zuba musu ruwan zafi. Bakin ganyen ya ƙone, ya koma ruwan ƙasa, in ka taɓa sai ya marmashe. Da na tono guda ɗaya, ƙananan saiwoyin nan farare duk sun yi baƙi. Ɗanyen taki ya ƙone su daga ƙasa, rana ta ƙarasa daga sama.

Don haka in za ku saya, ku ɗaga ledar ku duba ƙasanta, ku bar kallon furen. Ku nemi mai kara uku ko fiye masu kauri, ganye kore shar marar tabo, da sabon toho ja-ja. Mai ɗauke da fure da yawa ya riga ya kashe ƙarfinsa a can. In ma shi kuka samu, ku yanke furannin ranar dashe. Na san da ciwo, amma saiwa ce ke bukatar ƙarfin a makonnin farko. Ku dasa bayan ruwa ya zauna, wajen watan Yuni, a wurin da zai sha hantsi kamar awa shida, sannan inuwa ta rufe shi da rana ta take. Rami kamu guda zurfi da faɗi, a gauraya ƙasar da takin shanu wanda ya ruɓe har ya daina wari.

Kuskuren da ya fi ba ni takaici sai a shekara ta uku na yi shi. Wardi da yawa na aure ne, kamar yadda ake yi wa mangwaro: a ɗauko idon iri mai kyau a ɗaura shi a kan gindin wani mai ƙarfin saiwa, wanda furensa ba abin a zo a gani ba ne. Wurin haɗin yana nan kamar ƙulli kusa da ƙasa. Wata damina sai ga wani reshe ya ɓullo a gefen wardina mai ruwan hoda, dogo, miƙaƙƙe, yana girma kamar ana jan sa. Na yi murna, har na kafa masa sanda. Ashe daga ƙarƙashin ƙullin ya fito, na gindin ne. Ya shanye abincin duka, na saman ya yi ta ƙanƙancewa har ya bushe, ni kuwa na zauna wata takwas ina jiran fure daga jeji. Duk reshen da kuka gani, ku tone ƙasa kaɗan ku ga mafitarsa. In ƙasa da ƙullin ne, ku fizge shi daga tushe da hannu. Yanka da almakashi yana barin ido, sai ya dawo da biyu.

Ban ruwa ma sai da na koya. Da yayyafi nake yi musu a kan ganye kullum da magariba, su kwana a jiƙe, sai baƙin tabo ya kama su, ganyen ya yi rawaya ya zube. Yanzu a gindi nake zubawa da sassafe, bokiti guda ga kowane, sau biyu ko uku a mako da rani. Ganyen da ya kamu a tsince shi a ƙone. Da hunturu kuma a riƙa leƙa bayan ganye, akwai wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari masu saƙa kamar ta gizo-gizo da ke son ƙura da bushewa, wanke bayan ganyen da ruwa mai ƙarfi da safe yana rage su. Ina shimfiɗa buntun shinkafa a gindi don riƙe danshi, amma ba na bari ya taɓa karan, saboda gara.

Yanka kuwa, tsoronsa ya hana ni fure shekara biyu. A Turai sanyi ke sa wardi barci, a nan ba ya hutawa, don haka ba a yi masa aski mai tsanani. Idan damina ta ɗauke a watan Oktoba nakan rage kashi ɗaya cikin uku na tsawonsa, in cire matattun rassa da masu gogar juna, in yanka a saman idon da ke kallon waje, sannan in ba shi taki. Bayan mako shida ko bakwai, daidai shigowar sanyi, yake yin furen da ya fi na duk shekara girma da daɗewa.

Bara da na koma Jos na nemi dattijon nan a wurin da na bar shi, ina so in gaya masa cewa farin da na dasa a Yuni ya kai shekara takwas. Wani saurayi na tarar a wurin yana jera ledoji. Na sayi biyu a hannunsa, marasa fure ko ɗaya.