Asabar tare da Charmander

Yau ban leƙa shago ba. Tun da hantsi Yaya ta ajiye min ɗanta ta wuce gidan biki, yaron kuma bai gama gaishe ni ba ya ce, "Kawu, kunna min Pokémon." Wanda ya sani shi ne Horizons, mai Liko da Roy, wanda aka fara nunawa a Japan a watan Afrilun 2023. Ash kuwa, jarumin tsohon katun ɗin Pokémon, sunansa kawai yake ji. Abin ya taɓa ni, don ni da Ash na tashi, a faifan CD da muke karɓa aro hannu zuwa hannu har ya kakkarce. Na ce masa yau nawa za mu fara kalla, nasa ya biyo baya. Ya ɗan turo baki, amma ya zauna.

Kashi na 11 na kunna mana, na Charmander. Ash da abokan tafiyarsa Misty da Brock sun tarar da shi a kan wani dutse yana jiran ubangidansa, Damian, wanda ya ce masa zai dawo alhali ba shi da niyya. Ruwa ya tsuge, tsuntsayen Spearow suna ta kai masa sara, shi kuma ya riƙe ganye ɗaya yana kare ɗan wutar da ke bakin wutsiyarsa, don in ta mutu shi ma ya tafi. Brock ya naɗe shi da rigar ruwa, Ash ya kare wutar da tasa, suka ruga da shi wurin Nas Joy mai jinyar Pokémon. Yaron nan da ba ya iya zama wuri ɗaya, sai ga shi ya manta da gyaɗar da ke hannunsa. Da gari ya waye Charmander ya sulale don komawa kan dutsen, sai yaron ya juyo ya ce, "Kawu, ba a faɗa masa ƙarya aka yi masa ba?" Na ce an faɗa, bai yarda ba ne tukuna.

Abin da ya sa har gobe nake fifita katun ɗin a kan wasan bidiyon Pokémon ke nan, duk da ina son wasan. Wanda Game Freak suka fitar a Game Boy a 1996 wasan tarawa ne: halittu 151, shida a hannunka, sauran ka jibge su a kwamfuta, wani ba za ka sake waiwayarsa ba. Da katun ɗin ya fara a TV Tokyo ranar 1 ga Afrilu, 1997, a kashi na farko aka nuna Pikachu da ya ƙi shiga ƙwallon da ake ajiye Pokémon a ciki, ya ƙi jin magana, har da jan ubangidansa Ash da lantarki. Wato tun ranar farko an ce maka waɗannan masu rai ne, suna da ra'ayinsu, amana kuma nemanta ake yi. Tasirin ya kai har wasan ya dawo yana koyi da katun ɗin, don a 1998 aka fitar da Yellow, inda Pikachu ke bin ka a baya a ƙafa.

Bayan azahar muka ci dafa-duka, na tsallaka da mu kashi na 21. Caterpie shi ne na farko da Ash ya kama da hannunsa, ya rene shi har ya zama Butterfree, sannan ya sake shi ya bi matarsa mai ruwan hoda su ƙetare teku, da ɗan ƙyalle rawaya da Brock ya ɗaura masa a wuya. Yaron bai ji daɗi ba ko kaɗan. Ya ce shi da ba zai sake shi ba, ai nasa ne. Ban yi masa gardama ba, a shekarunsa ni ma haka na ce.

Da la'asar Yaya ta kira tana tambaya ko yana nan ya manna fuskarsa a talabijin kamar yadda ya saba. Na ja shi baya, na buɗe labule. Ina ɗaukar wannan da muhimmanci, saboda a ranar 16 ga Disamba, 1997, wani kashi na Porygon mai walƙiyar ja da shuɗi ya sa aka kai yara sama da 600 asibiti a Japan, aka dakatar da shirin wata huɗu.

Yaron ya tambaye ni ko Ash ya zama zakara. Na ce ya zama, amma sai da ya sha kaye iri-iri. A gasar Indigo wannan Charmander ɗin dai, wanda ya koma hannun Ash, bayan ya girma ya zama Charizard, kwanciyarsa ya yi a tsakiyar fili ya ƙi faɗa, aka fitar da Ash. A gasar Kalos, a 2016, Ash ya kai wasan ƙarshe Alain ya doke shi, kuma wannan har yanzu yana min ciwo. Sai a 2019 ya ci ta Alola, sannan a Nuwamban 2022 Pikachu ya kayar da Charizard ɗin Leon ya zama zakaran duniya. Shekara 25 ana nuna wa yara jarumin da ke faɗuwa ya karkaɗe jikinsa ya ɗauki jaka ya nufi gari na gaba. Mu da muka bi shi, da wannan muka girma.

Kafin magariba na cika alƙawari muka kalli Horizons. Zanen ya fi na da tsabta nesa ba kusa ba, kuma Liko ta burge ni: yarinya ce mai kunya, mai yawan magana a zuci, tana fama da Sprigatito ɗinta kafin su fahimci juna. Roy ne bai kama ni ba tukuna, hayaniyarsa ta yi min yawa.

Yaya ta zo ɗaukarsa bayan isha'i, da ƙyar ya yarda ya sa takalmi. Mun yi da shi mako mai zuwa za mu kalli gasar Indigo daga farko, don ya ce sai ya gani da idonsa yadda Charizard ya kwanta.