Kafin ka sayi azurfar Tasko, juya bayanta

Ƙannena masu sha'awar tsofaffin kayan adon azurfa na Meziko, kuskurena na farko shi ne yarda da suna. William Spratling, Ba'amurken da ya buɗe maƙerarsa a garin Tasko a 1931, sunansa ke sa farashi ya tashi, shi ya sa masu jabu suka fi buga shi. Haka sunayen sauran maƙeran Tasko, irin su Antonio Pineda, Héctor Aguilar da gidan Los Castillo.

Ka juya awarwaron, ka sa madubin ƙara girma mai ninki 10. Hatimin gaskiya da guduma aka buga shi, bakinsa da kaifi. Na jabu galibi zubi ne aka kwafa daga na asali: haruffan sun dusashe, jikin da ƙananan ramuka kamar fatar lemo, kuma ya ɗan fi na asali ƙanƙanta, don ƙarfe kan tsuke in ya huce.

Sai shekaru. An fara buga hatimin gaggafa mai lamba a ƙirji a 1948. Lamba 3 ta Tasko ce, 1 ta birnin Meziko. Wajen 1980 aka koma haruffa biyu da lamba, irin TC-45, inda T ke nufin Tasko, harafi na biyu kuma farkon sunan maƙerin. Duk wanda ya miƙo maka abu mai irin wannan hatimi ya ce na 1940 ne, ka mayar masa da kayansa.

Lambar 925 na nufin kashi 925 cikin 1000 azurfa ce. Za ka ga 940, 970 ko 980 a tsofaffin ayyuka. In ka ga an rubuta alpaca, babu ko ɗigon azurfa, jan ƙarfe ne da nikel da zinki. Kada ka dogara da maganaɗisu, don ba ya kama alpaca, kamar yadda ba ya kama azurfa.

Kuskuren da ya fi ƙona min rai kuwa, wanki. Baƙin da ke cikin lungunan zane ba dauɗa ba ne, maƙerin ne ya sa shi da gangan don zanen ya fito. Ruwan wanke azurfa da ake tsomawa yana cinye shi cikin daƙiƙu, sai ka tashi da farin abu fayau mara fasali. Ƙyalle mai laushi ya isa, a goge tudun kawai. Ayyukan maƙerar Margot de Taxco masu fentin gilashi ba sa son ruwan zafi ko faɗuwa; ka ɗaga su a haske ka nemi tsaga kafin ciniki.

Ka buɗe maɓallin ka rufe, ka ji ko yana ƙwas. Ka duba mahaɗa: toka-tokan dunƙule alamar an yi gyara da dalma ne. In wani maƙeri ya sake kai wuta wurin, dalmar za ta ci cikin azurfar ta bar rami, don haka irin wannan sai a rabin kuɗi, ko a haƙura.