Asabar ɗin da na yi ina farautar baƙo a cikin kwamfutata

Asabar, bayan sallar isha'i.

Ya kai kwana huɗu ina ganin alamun abin nan ina kau da kai. Laftop ɗina tsohuwa ce mai Windows 10, amma ba ta taɓa yi min gardama ba sai a makon nan. Fankarta na ta huci kamar injin markaɗe alhali ban buɗe komai ba, ƙasanta ya yi zafi har ba ta ɗoruwa a cinya, datar wata guda da na saya ranar Litinin kuwa ta kusa ƙarewa. Abin da ya tashe ni tsaye shi ne saƙon Google da na tarar a waya da na dawo daga masallaci da asuba, cewa an yi yunƙurin shiga imel ɗina daga wata na'ura da ban sani ba. Gabana ya faɗi. A can ne sakamakon jarrabawar ɗalibaina na zango biyu yake, da hotunan marigayi Baba waɗanda ba ni da su a wani wuri in ba cikin laftop ɗin nan ba.

Ban jira gari ya gama wayewa ba na kira ƙanena da ke Kaduna, shi ne ya karanci kwamfuta a gidanmu. Bai ma bari na kai ƙarshen bayani ba.

"Yaya, fara raba ta da intanet tukuna. Sannan don Allah ka faɗa min, me ka saka mata kwanan nan?"

Na yi jim, don na san amsar. Ranar Talata na sauke manhajar tace bidiyo, irin wadda aka fasa ta ake rabawa kyauta, saboda ina son haɗa bidiyon bikin raba kyaututtuka na makarantarmu. Shafin da na ɗauko ta ya ce sai an kashe Windows Defender, wato manhajar tsaron da ke zuwa tare da Windows, kafin ta shiga, ni kuwa na kashe da hannuna. Ƙanena ya ce ai haka trojan yake, wato mugun fayil mai shigowa da rigar manhajar kirki, ba ya haura katanga, jira yake a buɗe masa ƙofa. Sunan ma daga dokin katakon nan na labarin Girkawa aka samo shi, wanda suka cika cikinsa da sojoji, mutanen birnin Troy suka ja shi zuwa cikin gari da kansu suna murnar sun samu kyauta. Wannan magana ta tsaya min a rai har yanzu.

Ya sa na danna Ctrl da Shift da Esc a tare, Task Manager, wato shafin da ke nuna ayyukan da kwamfuta ke yi, ya buɗe. A nan na ga abin da ya ba ni tsoro. Daidai lokacin da ya buɗe, aikin da injin ke yi yana sama da kashi 90, kafin na ƙifta ido ya sauko ƙasa da 10, fankar ma ta yi tsit. Na rufe, bayan minti ɗaya ta ci gaba da huci. Na sake buɗewa, ta sake yin shiru. Wato abin ya san ana leƙensa, sai ya lafe kamar ɓera ya ji motsin kyanwa. Ƙanena ya ce yawanci masu haƙar kuɗin kirifto da kwamfutar mutane ke yin wannan dabara.

Muka shiga jerin manhajojin da ke tashi tare da kwamfuta. Akwai wani fayil da ya ari suna mai kama da na Windows, amma babu sunan kamfanin da ya yi shi, kuma da na bi sawunsa sai na same shi a kwance cikin foldar AppData, inda fayil ɗin Windows na gaskiya ba shi da abin yi. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne da muka duba saitin Defender: an sa wannan foldar a jerin wuraren da aka hana shi bincikawa. Shi ya sa ko da na sake kunna shi ranar Laraba bai ce min komai ba. Na goge wannan togaciyar, na zaɓi binciken da ake kira Microsoft Defender Offline, wanda ke kashe kwamfutar ya bincike ta kafin Windows ya gama tashi, lokacin da mugun fayil ɗin bai samu damar ɓuya ba.

Ana cikin haka aka ɗauke wuta, batirina kuma ba ya riƙe caji. Na rungume ta da cajarta na tsallaka gidan maƙwabcina mai sola, na zauna a zaurensa kan tabarma ina kallon layin yana tafiya a hankali. Kamar minti 15 ya ɗauka. Da ta tashi, tarihin kariya ya nuna abu biyu da aka kama, ɗaya mai suna Trojan:Win32/Wacatac, ɗayan na haƙar kirifto. Na cire su duka. Bayan azahar na mayar da intanet na ɗan lokaci, na sauke Malwarebytes, wata manhajar farautar mugayen fayiloli, daga shafinsu na ainihi, shi kuma ya tono wani umarni da aka dasa a Task Scheduler, inda Windows ke tsara ayyukan da ke tashi da kansu, don ya riƙa dawo da fayil ɗin duk lokacin da aka kunna kwamfutar. Da ban yi wannan bincike na biyu ba, da na kwanta da tunanin an gama.

Aikin da ya fi cin lokaci shi ne na kalmomin sirri. Duk waɗanda na bar wa Chrome ya adana min, ƙanena ya ce in ɗauka an riga an kwashe su. Da wayata na canza su ɗaya bayan ɗaya, ba da kwamfutar ba: imel da farko, sai banki, sai Facebook. Na fitar da duk na'urorin da ke cikin asusuna na Google, na kunna tantancewa mai mataki biyu. Alhamdulillahi, ko sisi ba a taɓa a banki ba. Filas guda biyu da na soka mata a makon nan su ma na bincike su, na kuma kira malamar lissafi da ta ari ɗaya ranar Alhamis na ce ta duba tata kwamfutar kafin Litinin. Kiran nan ya yi min nauyi ƙwarai.

Da magariba ƙanena ya sake kira. Ya ce, "Yaya, ni dai hankalina ba zai kwanta ba sai an goge ta gaba ɗaya an sake saka Windows." Ya kuma tuna min cewa tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 yadda ta saba, don haka a duba ko injin zai ɗauki Windows 11. Na yarda da shi. Ranar Litinin in Allah ya kai mu, in na tashi daga makaranta zan biya ta Beirut Road, inda ake sayar da kayan kwamfuta, in sayi hard disk na waje, wato ma'ajiyar fayiloli, in kwashe takardu da hotunan Baba kawai, ba tare da ko manhaja ɗaya ba.

Yanzu haka tana nan kan tebur a kunne, sama da awa biyu ke nan fankar ba ta ɗaga murya ba. Bidiyon bikin kuwa da waya zan haɗa shi gobe.