Tirelar jirgi a kan gangara, da waigin da na raina

Ni dai a Yauri na tashi, kuma a can babu wanda zai ce maka jirgin ruwa yana kwana a ƙofar gida. Kwale-kwale a ruwa yake kwana, ka kafa turke a bakin gaɓa ka ɗaure shi ka tafi abinka, in kaga an jawo shi tudu to gyara za a yi mai. Sai da na zo Minnesota a Amurka naga wani sabon salo, kusan kowane layi ka bi sai kaga jirgi zaune kan tirela a gefen gida an lulluɓe shi da tamfol kamar amarya. Jiha ce ta tafkuna, a lambar motarsu ma sun rubuta tafki 10,000, amma a ƙidayar hukuma 11,842 ne, jiragen da aka yi wa rajista kuwa sun haura 800,000. To zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, nima dai ban ankara ba na tsinci kaina a Facebook ina taya wani jirgin alminiyon na hannu, mai tsawon ƙafa 16, da injinsa da tirelarsa.

Matsalar ita ce a Duluth nake zaune. Wanda bai san garin ba, a jikin tudu aka gina shi, tudun ya gangaro ya faɗa tafkin Superior, wanda a faɗi babu tafkin ruwan daɗi da ya kai shi a duniya. Unguwanni da yawa in ka saki ƙwallo a ƙofar gida sai dai ka bi ta da addu'a. Gidan da muke ciki yana saman titi ne, wato 'yar hanyar siminti da ta taso daga kwalta zuwa gareji hawa ce tun daga farko har ƙarshe. Don haka in na dawo daga kamun kifi da ribas nake tura tirelar sama, bayan jirgi yana kallon gareji, wuyan tirela yana kallon titi.

Ranar farko da na kawo shi gida, wallahi ko a jikina. Na ja birkin hannu, na sa giya a P, na fito na ɗauko rabin bulo ɗaya da ke yashe a gefen gareji na cusa a gaban tayar hagu, nace ai shikenan. Na cire sarƙoƙin nan biyu da ke haɗa tirela da mota, na cire wayar fitila, na buɗe makullin bakin tirela, na hau juya jak ɗin da ke ɗaga wuyan tirela. Ina juyawa ina juyawa, bakin tirela yaƙi sakin ƙwallon ƙarfen da ke bayan mota, har naga bayan motar ya fara ɗagawa tare da shi. Maimakon in tsaya in tambayi kaina me ya riƙe shi, sai na hau bamba na yi tsalle sau biyu. Ji kake ƙwas! ya saki. Kafin in dire ƙasa sosai bulon nan ya dare biyu, 'yar tayar jak ta juya, tirela ta karkato ta taho, bakinta ya wuce ta gefen gwiwata da kamar taƙi ɗaya ya daki bayan motar ya fasa fitila. Da motar bata wajen, da titi za ta tsallaka, kuma a ƙasa akwai gidan mutane da yara ƙanana.

Uwargida ta leƙo ta taga tace lafiya? Nace lafiya lau, alhali ƙafafuna rawa suke kamar mazari.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne na san wannan karatun tun ina ɗan shekara goma. Kawuna direban babbar mota ne, Marsandi 911 ya ja shekara da shekaru, kuma na sha bin shi lokacin hutu. Duk inda aka zo hawa mota ta fara nishi, yaron mota ya riga ya sauko yana bin ta a guje rungume da wani gungumen katako mai kusurwa uku, direba na ƙwala "waigi!" shi kuma yana cusa shi ƙarƙashin taya. Kawu baya taɓa ɗaga ƙafa daga birki sai ya ji yaron ya buga bodi. Da daddare na kira shi na bashi labari, yayi dariya har da tari, yace "ɗana, kaje har Amurka ka manta aikin karen mota?" Nace Kawu ai ƙaramin jirgi ne. Yace gangara bata san ƙarami ba.

Washegari na ɗauko katako mai tsawon mita ɗaya da ma'aunin magina mai ɗigon ruwan nan, na ɗora kansa ɗaya a siminti na daidaita shi, na auna tazarar ɗaya kan da ƙasa. Santimita 12. Wato gangarar kashi 12 cikin ɗari ce. Jirgi da inji da batura da mai da tirelar kanta na ƙiyasta sun kai kilo 900, kuma lissafin mai sauƙi ne, a irin wannan gangara ƙarfin da ke jan kaya ƙasa kusan kashi 12 ne na nauyinsa, wajen kilo 107 kenan. Buhun siminti biyu da ɗoriya suna tura abu mai taya, dare da rana, basa gajiya basa barci. Wannan na jingina wa rabin bulo.

Kuma abin da da yawanmu bamu lura da shi ba, tirelar jirgi a nan yawanci bata da birkin hannu. Tawa ma bata da birki kwata-kwata, don dokar Minnesota sai tirela ta kai fam 3,000, wajen kilo 1,360, ake tilasta sa mata birki. Manyan ma da suke da shi, yawanci irin wanda yake kamawa ne in tirela ta turo mota lokacin da direba ya taka nasa birkin, da zarar ka raba su ya zama hoto. Akwai masu cewa sai ka fizge 'yar wayar nan ta gaggawa birki ya kama ka barshi a haka, ni dai bazan baka wannan shawara ba. An yi ta ne don in tirela ta ɓalle a kan hanya ta tsaya, mai aiki da batir in batirin ya mutu ya sake, mai aiki da man birki shima matsinsa na iya sauka a hankali, kai kana ɗaki kana shan shayi.

Maƙwabcina wani dattijon Bature ne da yayi ritaya, ya ga duk abin da ya faru daga barandarsa amma bai ce min uffan ba sai da ya ganni ina awo. Shi ya gane min dalilin da yasa bakin tirela yaƙi saki: duk nauyin gangarar a kan ƙwallon yake a lokacin, wato tirelar tana jingine da mota, bulon bai ɗauki komai ba. Yace in bakin tirela yaƙi fita cikin sauƙi to magana yake maka. Kuma ko da bulon bai fashe ba, taya ɗaya na tare, ɗayar tana sake, ga jak mai taya da ke juyawa ko'ina, to tirelar zata kewaya ne a kan tayar da aka tare kamar ƙofa a kan hinjinta.

Yanzu ga yadda nake yi, kuma tsarin ne ya fi kayan muhimmanci. In na tura ta inda nake so, ƙafata na kan birki, babban ɗana ya cusa waigi a gaban tayoyin biyu, ɓangaren da ke kallon gangara, a tsakiyar faɗin taya, ya doke su da ƙafa su manne. Sai in sassauta birki kaɗan kaɗan har in ji tirelar ta zauna a kansu, sannan birkin hannu, sannan P. Ba P farko ba, don wani ɗan haƙorin ƙarfe ne a cikin giyabos yake riƙe mota a P, in ka ɗora masa nauyin mota da jirgi a gangara zaka ji yadda giya ke ƙin fita daga baya. In ni kaɗai ne sai in yi sawu biyu, in ja birkin hannu in sauka in sa waigi in koma in sassauta, ba komai, minti biyu ne. Bayan nan in ƙara wasu biyu ta bayan tayoyin. Sarƙoƙin da ke haɗe da mota kuwa su ne na ƙarshe da nake cirewa, sai bakin tirela ya ɗaga ya bar ƙwallo naga bata motsa ba ko kaɗan. Ranar farko su na fara cirewa, kaga wauta.

Waigin kansa ma akwai magana. Na fara sayen na leda masu rahusa, rawaya, cikinsu holoƙo, a kan ciyawa ko tsakuwa ba laifi amma a kan siminti mai santsi sai kaga suna zamewa musamman in an yi ruwa. Na koma na baƙar roba masu nauyi, irin waɗanda in ka ɗauka hannunka zai sani, sabbinsu wari kamar shagon faci amma suna cizon ƙasa. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce tsayin waigi ya kai kusan kwata na tsayin taya, in ya gaza haka taya na iya hawa ta wuce shi. Bulo, dutse mai mulmule, guntun itacen wuta, duk a bar su. Masu tirela mai taya huɗu suna da wani ƙarfe kamar almakashi da ake matsewa tsakanin tayoyi biyu, yana rage jijjiga, amma ƙari ne a kan waigin ƙasa ba madadinsa ba.

Tayar jak ɗin nan na cire ta na sa farantin ƙarfe, na shimfiɗa faffaɗan katako a ƙasa. Jak don ɗaga nauyi sama aka yi shi, ba don tare abin da ke turowa ta gefe ba, kuma duk yadda ka ƙara zaro shi haka yake ƙara laushi.

Duk da haka hankalina bai kwanta ba, saboda yaran unguwa. Yaro na iya ganin baƙar roba da igiya ya ja ta don wasa. Sai na huda simintin da ke bakin gareji, can sama, na kafa zoben ƙarfe mai kauri irin wanda ƙusarsa ke buɗewa a cikin kankare in ka ɗaure noti, na zura sarƙa ta cikin ƙarfen jikin tirela ta baya na sa kwaɗo. A jikin tirela fa, ba a jikin jirgi ba, ba kuma a ƙofar gareji ko bututun ruwa ba. Sarƙar bana barinta da sako-sako da yawa, don in tirela ta samu gudu ko na mita ɗaya ne, fizgar da zata yi ta ninka wancan kilo 107 ɗin nesa ba kusa ba. Na so in kafa turken ƙarfe a ƙasa ne da farko irin namu na bakin kogi, sai na gano a nan arewacin jihar sai ka haƙa ƙafa biyar kafin ka wuce inda ƙasa ke daskarewa, in ba haka ba sanyi ya turo shi sama, kuma dole ka kira 811 su zo su nuna maka inda wayoyi da bututun gas suke kafin ka sa shebur. Nace a'a, zobe ya isa. Ribar ƙafa kuma, ɓarawo ma sai ya sha wahala.

Wani abin da ban taɓa kawowa a rai ba shi ne ruwan sama. Ramin da ruwa ke fita a bayan jirgi yake, kuma a nan doka ce ma ka cire toshiyarsa in kana jan jirgi a hanya, saboda ƙananan halittun ruwa da ke bin jirage daga tafki zuwa tafki. To amma ni bayan jirgina ne a sama, gaba a ƙasa, ruwa kuwa baya hawa tudu. Bayan wani ruwa na kwana biyu na ɗaga tamfol naga gaban jirgin ya zama kududdufi. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, ka tara lita ɗari biyu ka ƙara wa tirela kilo ɗari biyu ba tare da ka sani ba. In ce zan ɗaga wuyan tirela har gaba ya fi baya tsayi, a wannan gangara sai na ƙara kusan rabin mita, abin ya zama kamar raƙumi a kan ƙafa ɗaya. Sai na haƙura na yi wa tamfol ɗin ƙashin baya da katako yadda ruwa zai riƙa zubewa gefe, kuma bayan kowane ruwa ina leƙawa. Wanda gidansa ke ƙasan titi kuma tasa matsalar akasin tawa ce, ruwa zai fita lafiya amma wuyan tirela yayi sauƙi, dama nauyin da ke kansa kashi 5 zuwa 10 ne kawai na duka, mutum ɗaya ya hau bayan jirgi wajen inji sai wuyan ya ɗaga sama. Shi sai ya tokare bayan tirela, ya kuma tabbata bel ɗin gaba da na baya a ɗaure suke tamau kar jirgin ya sulale.

Sanyi kuma wani babi ne. Iskar taya na raguwa in gari yayi sanyi, taya ta ɗan saki, waigin da ka doka a watan Satumba ka zo Oktoba ka taɓa shi da ƙafa kaji yana motsi. Ga ƙanƙara, ruwa ya shiga ƙarƙashin roba da rana ya daskare da dare, roba a kan ƙanƙara kuwa sabulu ce. Duluth na samun dusar ƙanƙara sama da mita biyu a shekara. Shekarar farko nayi taurin kai na barshi a nan, ina fita da asuba da tocila ina dubawa kamar mai gadin kasuwa, ga shi ya tare min hanyar kwashe dusar. Tun daga nan da an shiga Nuwamba nake jan shi in kai wani fili shimfiɗaɗɗe a bayan gari inda ake biyan kuɗin ajiya, sai Mayu in an buɗe kamun kifi in ɗauko shi. Kuɗin na min ciwo duk shekara, uwargida kuma bata taɓa barin damar tuna min cewa kifin da na kamo bana bai kai kuɗin fitilar motar nan ba.

Satin da ya wuce da muka dawo daga tafkin Island Lake, ina cikin ribas ban ma tsaya ba naji ɗana daga baya yana ƙwala "waigi!" da irin Hausarsa ta 'yan Amurka, ya cusa, ya doka, ya zo ya buga bodin mota sau biyu. Na ɗauka a waya na tura wa Kawu, ya maido min da saƙon murya yace yaron yafi ubansa, a turo masa shi hutu akwai lodin albasa zuwa Legas.