Makaroni da Niƙaƙƙen Nama da Cuku a Kasko Ɗaya: Yadda Nake Dafa Shi a Jos

Makaroni da niƙaƙƙen naman shanu da cuku abincin dare ne da ya shahara a gidajen Amurka, amma duk wanda ya taɓa yin dafa-dukar taliya zai gane tsarinsa nan take, domin komai a mazubi ɗaya yake nuna, ba a tafasa makaronin daban balle a tsiyaye ruwansa. Na fara dafa shi ne a lokacin hunturu, sa'adda sanyin Jos kan sa mutum ya nemi abinci mai nauyi da ɗumi da zarar an idar da sallar magariba. Abin da na fahimta tun daga lokacin shi ne cewa daɗin wannan girki bai dogara ga yawan kayan haɗi ba kamar yadda ya dogara ga abu biyu, wato ma'aunin ruwa da kuma lokacin da ake zuba cukun.

Nama nake fara nema. Ba na sayen wanda aka riga aka niƙa aka ajiye, na fi son in zaɓi tsoka da idona a wurin mahauci, sannan a niƙa mini ita a gabana. Mahautanmu sun saba da masu neman zallar tsoka, saboda haka sai na ce, "Malam, rabin kilo za ka ba ni, amma ka haɗa mini da ɗan kitse," shi kuma ya kan dube ni ya ce, "Hajiya, yau kuma kitse ake so?" Dalilin shi ne naman shanunmu na kiwo ba shi da maiƙo sosai, idan kuwa aka niƙa zallar tsoka aka soya, sai ta bushe ta yi tauri a baki. Kitse kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin biyar na naman, shi ke sa ya yi laushi, ya kuma rage yawan man gyaɗar da za a zuba. Tumatir da tattasai da attaruhu da albasa kuwa a kasuwar Farin Gada nake samunsu, inda kayan lambu suke isowa ɗanye shar daga gonakin da ke kewaye da gari.

Zancen cuku shi ne ya fi buƙatar bayani, domin ba kowane cuku ne ke narkewa ba. Wanda matan Fulani ke yi da madarar shanu da ruwan tumfafiya yana da daɗi da sauƙin kuɗi, amma zafi ba ya narkar da shi, sai dai ya ƙara masa ƙarfi, don haka idan shi aka samu, gara a yayyanka shi ƙanana a soya, a barbaɗa a saman abincin bayan an sauke. Wanda girkin ke so shi ne cukun ceda, mai asali daga Ingila, wanda ke da ɗanɗano mai ƙarfi da gishiri, ko kuma mozarela ta Italiya, wadda ɗanɗanonta ba shi da ƙarfi amma tana yin yauƙi ta ja zare idan an ɗebo ta da cokali. Ni na fi son haɗa su, ceda ya fi yawa, jimilla kimanin giram 200. Ina sayen dunƙulalle a manyan kantuna in goga da kaina a magogin kuɓewa, saboda wanda aka goga tun daga kamfani akan yayyafa masa wani gari don kada ya manne a leda, garin kuwa yana hana shi narkewa sumul. Ina kuma karanta rubutun jikin ledar, tunda wasu cukun da sinadarin cikin ɗan maraƙi ake daskarar da su, mai kula da halal zai so ya san irin wanda ya saya. Ba na sayen fiye da na girki ɗaya, domin a yanayin ɗauke wutar da muke ciki, firiji ba abin dogaro ba ne, cuku kuwa ba ya jimirin ɗumi, nan da nan zai yi fumfuna.

Kasko mai faɗi da zurfi da murfi nake ɗorawa, in bar shi ya yi zafi sosai kafin in zuba man gyaɗa cokali ɗaya. A nan ne girkin ya saɓa wa abin da muka saba, domin mu mun tashi mun ga ana tafasa nama da albasa da gishiri kafin a soya shi. Niƙaƙƙen nama ba ya son haka. Ɗanye ake baza shi a kasko, a ƙyale shi ba juyawa na kimanin minti 3, har sai ƙasansa ya yi ja-ja mai duhu, sannan a farfasa shi da ludayin katako. Da farko zai fitar da ruwa ya riƙa tafasa a cikinsa, launinsa ya koma toka-toka, kuma a wannan gaɓar ce mutum kan yi zaton ya soyu. Bai soyu ba tukuna. Sai ruwan ya ƙafe, sautin kaskon ya sauya daga ɓararrakar tafasa zuwa ƙarar suya, ƙamshi irin na balangu ya tashi. Wani abu mai launin ƙasa zai manne a gindin kaskon, kuma ba ƙauri ba ne, shi ne zai ba romon ɗanɗanonsa idan ruwa ya narkar da shi. Wajibi ne kuma kada a bar ko ɗigon ja a cikin naman, saboda niƙa yana cakuɗa ƙwayoyin cutar da ke bayan tsoka su shiga ko'ina cikinta.

Daga nan aikin ba shi da wuya. Ina zuba yankakkiyar albasa babba guda, da tafarnuwa da citta, idan sun yi laushi in sa tumatirin gwangwani cokali 2 in soya shi har tsaminsa ya fita, sannan in bi da jajjagen tumatir 4 da tattasai 2 da attaruhu guda, da kori da dunƙule ɗaya. Gishiri ɗan kaɗan nake sawa, domin ceda na tafe da nasa.

Sai makaroni, rabin leda mai giram 500, wato giram 250, a zuba shi ɗanye a juya, a bi shi da ruwan zafi kofi 2 da rabi, daidai yadda zai ɗan sha kansa kawai. Hannun da ya saba tafasa taliya a tukunya cike da ruwa zai ga kamar ruwan ya yi kaɗan, amma ƙarancinsa shi ake so. Makaroni yana sakin sitaci yayin da yake dahuwa, sitacin da muke zubarwa a rariya idan mun tsiyaye, a nan kuwa yana zama cikin kaskon ya yi wa romon kauri, kuma shi ne daga baya zai riƙe cukun ya hana shi rabuwa. Idan ruwan ya yi yawa, kafin ya tsotse makaronin ya caɓe.

Akwai wani abu da ya shafi mu mazauna Jos musamman. Garin yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga matakin teku, kuma a irin wannan tsayin ruwa yana tafasa ne a wajen digiri 96 maimakon 100, don haka abinci ya kan ɗan jima bai nuna ba, ruwa kuma na ta ƙafewa ana jira, musamman da busasshiyar iskar hunturu. Shi ya sa mintocin da aka rubuta a jikin leda ba sa isa ta. Ina rage wuta, in rufe kaskon, in riƙa buɗewa ina juyawa bayan kowane minti 3 don kada ya kama, ina kuma ajiye rabin kofi na ruwan zafi a gefe domin ƙari idan ya bushe alhali makaronin na da sauran ƙarfi. Haƙori ne alƙali a nan, ana ɗanɗanawa, idan ya yi laushi amma da ɗan sauran tauri a tsakiya, kuma romon ya koma mai kauri yana bin bayan ludayi, to ya isa.

A wannan lokacin nake zuba madarar gwangwani ta ruwa kamar rabin gwangwani in juya, sannan in kashe wuta gaba ɗaya kafin cuku ya taɓa kaskon. Wannan ita ce ƙa'idar da ba na sassautawa a kanta. Cuku haɗin maiƙo ne da furotin, idan ya gamu da zafi mai tsanani sai furotin ɗin ya takure ya matse maiƙon waje, a ga mai yana yawo a sama, sauran kuma ya dunƙule ya yi danƙo. Zafin da ya rage a jikin abincin ya wadatar. Ina zuba kashi biyu cikin uku na cukun kaɗan-kaɗan, ina juyawa har kowane zubi ya ɓace kafin in ƙara wani, ragowar kuma in barbaɗa a sama in mayar da murfi na minti 2 zuwa 3. Idan aka buɗe za a tarar ya narke ya lulluɓe saman, sai a yayyafa yankakken ganyen albasa.

Wannan ma'aunin yana ƙosar da mutum huɗu zuwa biyar, kuma da yake abincin na da maiƙo, ina haɗa shi da yankakken kabeji da karas da aka matsa wa lemon tsami. Maigida ya fi son a ƙara masa yaji a gefen faranti, yara kuwa zaren mozarela suke bi. Da zafinsa ake cin sa, domin a sanyin Jos cukun ba ya daɗewa zai sandare. Idan ya yi saura, a sa shi a firiji da zarar ya huce, washegari a ɗumama shi a wuta kaɗan tare da madara ko ruwa cokali 2, ana juyawa a hankali har ya saki.